Takardun Ofishinmu Za Su Koma Girgije

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da iyalinka. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya sa albarka a neman da ya kai ka nesa da mu. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma fitowa tsakar gida tana yi wa jikoki faɗa, ka kuwa san in Inna ta fara faɗa to lafiya ta samu. Baban yara ya gama gyaran rufin ɗakin baya, kodayake har yanzu gefe ɗaya yana yoyo, shi kuma ya dage laifin kwano ne, ba nasa ba. Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali muna gaisawa a waya, to maganar da ke bakina ta fi ƙarfin minti biyar ɗin da kake ba ni kafin ka ce ana kiran ka wajen aiki.

Ka san shekara ashirin da uku ke nan ina ɗakin ajiyar takardu na ofishin rajistar filaye. Ka taɓa shiga ka ga kantocin ƙarfen nan da suka kai rufi, ka yi ta atishawa har na kore ka. To gwamnati ta ce ma'aikatunta su daina tara bayanai a ɗakuna da ƙananan kwamfutocin ofis, a mayar da su ajiyar da ake ce wa girgije. Da farko na ɗauka sunan wani kamfani ne. Injiniyarmu, wata mata mai haƙuri da ke kula da kwamfutocinmu, ita ta zaunar da ni ta ce ba komai ba ne illa manyan gine-gine cike da na'urori, mallakar wasu kamfanoni, gwamnati ta kama hayar wuri a ciki, kowane ma'aikaci ya buɗe takardar da yake so daga teburinsa. Tana cikin bayani na tuna hoton da ka turo mana, kana tsaye a dogon zaure tsakanin akwatuna masu ƙyafta fitilu, ka ce aikinka hana su yin zafi. Na ce mata ashe shekara shida ƙanena yana aiki a girgije ban sani ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Abin da ban zata ba, sai Darakta ya sa sunana cikin kwamitin mutum biyar da zai zaɓi kamfanin da za a ba aikin, wai ana son wanda ya san takardun ciki da bai. Kamfanoni uku suka nema, kowanne aka ba shi ranarsa. Wakilansu suka zo da kwat da allon nuni, suna zuba kalmomi kamar ruwan famfo. Ni dai na riƙe ɗan littafina, duk kalmar da ta wuce ni na rubuta, in an tashi na tare Injiniya a matakala, tunda matambayi ba ya ɓata. A zagaye na biyu, da aka haɗa su ukun a zama ɗaya, bakina ya buɗe. Na tambaya a wace ƙasa na'urorin suke, kuma wa zai iya leƙa takardun mutane a cikin ma'aikatansu. Na ƙara da cewa in wata rana muka raba gari da su, ta yaya za su dawo mana da kayanmu, kuma a wace kama. Na farko ya amsa da santsin baki har na kasa kama komai. Na biyu ya ce zai rubuto. Na uku ya ce gaskiya shiga ta fi fita sauƙi, gara mu rubuta sharaɗin fitar tun yanzu. Lauyan ofis ya sunkuya ya rubuta. Da muka fito Darakta ya ce mini, rabi wasa rabi gaske, shi kujera ya ba ni, bai ce na zama alƙali ba. Ban ga laifinsa ba. Daga sama an ba shi wa'adi, an kuma riga an yi alkawarin ɗakina ga wani sashe. Shirin shi ne da an ɗauki hoton takardu, a kwashe na asali a kai injin yayyagawa.

Kamfani na ukun aka fara ba gwaji da fayil ɗari biyu. Auta, ba zan ɓoye maka ba, abin ya burge ni. Ka buga lambar fili, kafin ka ɗaga yatsa takarda ta bayyana. Ni da na yi shekaru ina hawa tsani da tocila a baki, na zauna ina ta buga lambobin da na haddace don kawai na ga sun fito. Har na fara jin kunyar tambayoyina.

Ana haka wani dattijo mai gyaran keke ya shigo ofis. Maƙwabcinsa ya fara haƙa harsashin gini, shi kuma yana ganin an shigo masa tsakar gida, suka yi ta ja har alƙali ya ce ya kawo shaidar iyaka. Aka yi sa'a fayil ɗinsa yana cikin ɗari biyun. Darakta ya ji daɗi, ya kira mu duka mu ga aiki da cikawa. Takarda ta fito a allo, ga suna, ga lamba, ga tsawo da faɗi, amma babu inda aka ce daga nan awon ya fara. Dattijon ya ce mahaifinsa ya sha gaya masa cewa mai awon ya zana rijiya da hannunsa. Wakilin kamfani ya ce duk abin da ke fayil ɗin ya shiga. Tsohon ya tattara hularsa zai fita, ni kuma zuciyata ta ƙi kwanciya, don na san halin masu awon da. In gaban takarda ya cika, juyawa suke yi su yi zane da fensir a baya. Na roƙe shi ya jira ni a benci. Na shiga cikin kwalayen takardun asali da aka ɗaure aka jera a bakin ƙofa suna jiran injin yayyagawa, na kwance su ɗaya bayan ɗaya tun bayan azahar, sai dab da tashi na same ta. Na juya. Ga rijiya nan, ga taku huɗu daga bakinta zuwa iyaka, ga sa hannu da kwanan wata, fensir ya koɗe amma yana karantuwa. Dattijon ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "'Yata, ashe takarda ma tana da ƙeya."

Wakilin bai yi musu ba. Ya ja kujera kusa da ni, ya fi ni son sanin yadda aka yi. Ashe an saita na'urar ta tsallake duk shafin da ta ga fari ne, shi kuma koɗaɗɗen fensir a wurinta fari ne. Kwana biyu ni da Injiniya muka bi ɗari biyun nan da hannu, muka samu talatin da ɗaya masu rubutu a baya da ba su shiga ba. Darakta ya duba jerin da muka kai masa, washegari ya rubuta wa na sama yana neman ƙarin lokaci. Maƙwabcin dattijon ma ya zo da kansa, ya juya takardar gaba da baya, ya tambaye ni sau biyu ko rijiyar nan dai ce, aka ce mini kashegari ya cike ramin da ya haƙa. Yanzu kwamiti ya ƙara sharuɗɗa a yarjejeniyar. Za a ɗauki gaba da baya, ba za a taɓa ta asali ba sai mutum ya gwada ta da hotonta da ido, kuma ranar rabuwa za a dawo mana da komai yadda kowace kwamfuta za ta iya buɗewa.

Ga inda maganar ta shafe ka. Fayil sun haura dubu arba'in, dole wani ya tsaya kan gwadawar. Darakta ya ce ba shi da kowa sai ni, ya haɗa ni da mutum huɗu, aikin kuma ya faɗa daidai kan hutun da na tara don zuwa wurinku na ga jaririyar da ban taɓa ɗauka ba. Na kwana uku ina jujjuya maganar. Inna ta ce wanda ya ɗaga kaya shi ya san inda zai sauke. Na amsa wa Darakta. Ka yi haƙuri, ka kuma ba matarka haƙuri, na san ta riga ta gyara mini ɗaki. In Allah ya kai mu baɗi ina tafe.

Kafin nan ina da tambayoyi, kuma saura mako uku a sa hannu. In wuta ta ɗauke a gininku, me ke faruwa kafin a tada janareta? In akwati ɗaya ya mutu, abin da ke cikinsa ya tafi ke nan? Da gaske ne ana ajiye takarda ɗaya a garuruwa biyu, kuma in sun saɓa wacce ake yarda da ita? Kai da kake tsaye a gabansu kullum, za ka iya karanta abin da ke ciki in ka so? Kada ka amsa mini kamar wakilin kamfani, ka amsa mini kamar yaron da na goya.

Inna tana sa muku albarka, ta ce ka daina aske gemun nan. Baban yara, Kawu Dogo, Goggo da 'yan biyu duk suna gaishe ku. Ka gaishe mini da matarka, ka shafa mini kan jaririya, ka gaya mata gwaggonta tana can cikin ƙura tana juya takardu, amma tana zuwa.

Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Babbar 'yar Inna