Kakarka Ta Daina Tattaki

Sani, kakarka ta daina tattaki!

Af, assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali?

Tun da likita ya ce ta rage ƙiba saboda hawan jini, kullum da safe takan taka a hankali a hanyar Darki ita da maƙwabciyarmu, suna hira. Na yi murna ƙwarai. Sai ka kira ka ce wannan yawo ne, sai ta yi sauri tana haki. Kwana uku ta gwada, gwiwoyinta suka kumbura. Yanzu ko zaure ba ta kaiwa. Ta ce, "Malam, in wahala ce maganin, a bar ni da ciwona."

Na lallasa har na gaji. Ku yi mana addu'a. Gaida Maryam. Ku zo duka ku gan ta, ko ta ji kunyarku ta tashi.