Ni malama ce, ba mai gadin waya ba

Zuwa ga Shugaban makarantarmu da ke Moduganari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Malam yana lafiya, na rubuto wannan a bainar jama'a ne domin a bainar jama'a ka tozarta ni.

Na ɗaya. Shekara huɗu ke nan ina koyar da 'yan aji uku a makarantarka. Ka san ina da larurar da likitoci ke kira ADHD: hankalina ba ya zama wuri ɗaya. In waya ta yi ƙara na ɗauka don duba saƙo guda, sai in farga awa guda ta wuce ina kallon bidiyon yadda ake ɗaurin ɗankwali, littattafan yara jibge a gabana, ƙirjina na bugawa, ina jin haushin kaina. Likita ya ce in rage shiga kafafen sada zumunta. Na kawo maka takardarsa hannu da hannu.

Na biyu. Maganin da ka ba ni shi ne zaurukan wasap har shida: ciki har da na malamai, na iyaye, na kwamiti, da wanda ba a sa komai a ciki sai hotunanka. Ka ce duk wanda bai amsa cikin minti goma ba, ba ya kishin makaranta.

Na uku. A taron malamai ka karanta takardar likitan da ƙarfi, ka ce ciwon 'yan gayu ne, a zamaninku bulala ke maganinsa. Aka yi dariya. Ranka ya daɗe, kafin ka kai ƙarshen takardar sau uku ka tsaya kana latsa wayarka.

Na huɗu. Na koma kashe waya tun ƙararrawar safe har a tashi. Zuciyata ta kwanta. Falmata, yarinyar da ba ta iya haɗa baƙi ba, yanzu tana karanta shafi guda ba gargada. Ladana? Takardar tuhuma, wai ban rubuta Masha Allah a ƙarƙashin hoton sabuwar hularka ba.

Ina roƙon ka janye tuhumar, ka bar ni a zaure ɗaya, ka kuma ba ni haƙuri a gaban waɗanda ka sa suka yi mini dariya. In korata za ka yi, ka rubuto a takarda, don wayata a kashe take.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka abin yi da ya wuce ɗaukar hoto.

Wassalam.
Malama Yagana