Ina Raye, A Cire Mini "Marigayi"

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Manoman Gundumarmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ranka ya daɗe, da fatan iyali lafiya. Ban yi boko ba, 'yata malamar makaranta ce ke rubutawa, amma maganar tawa ce.

Damina huɗu ke nan nake a mace a takardarku.

Na ɗaya: mu biyu mahaifinmu ya raɗa wa suna Muhammadu, uwa kowa da tasa. Gari na kiran wana Babba, ni Ƙarami. Da Babba ya rasu, sakatarenku ya rubuta "marigayi" a gaban Ƙarami. Tun daga nan duk rabon irin gero da wake ana kiran wanda ke kabari, ni kuwa ina tsaye da buhuna a ce ba na ciki. Masu rabon sun ce in amsa sunan Babba mana. Na ƙi. Ba zan ci da sunan mamaci ba.

Na biyu: sau bakwai ina zuwa wurin sakatare. Kullum sai ya juyo mini kwamfuta ya ce takardar PDF ce, an kulle ta, ba ta gyaruwa. Na yarda, don ban san abin ba.

Na uku, kuma nan ne farin cikina. Ranar kasuwar Bici na shiga shagon wata Hajiya mai buga takardu, na tambaye ta. Ta yi dariya, ta ce akwai manhajar gyaran irin wannan, wasu ma kyauta ne, sai dai a zaɓi wadda ba ta hargitsa layi. Ta buɗe wata takardarta, a gabana ta goge kalma ta sa wata. Ko kofin shayi ban shanye ba ta gama. Ta ce amma taku ba za ta taɓa ba sai da izininku da hatiminku. Na ga gaskiyarta.

Saboda haka ina roƙo: a aiki sakatare ya koyo, ko a kai mata da sa hannunka. Mai unguwa da liman za su shaida. Gonata na nan a share, hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon adalci. Amma wannan karon kada a aiko mini kowa. Kai nake so ka amsa mini, kafin a yi shuka.

Wassalam.

Muhammadu Ƙarami