Mai ƙwayoyin gajiya ya zo duba Yaya Habu

Daren Laraba, watan Rajab

Wai likita! Mai sayar da ƙwayoyin bitamin na titin Koudoukou ya sake zuwa yau. Shi ne mai cewa gwaji ake yi, kuma duk mai ciwon gajiya da ya sha ya miƙe. Yaya Habu kuwa ya shekara a kwance, ko buta ya ɗaga sai ya wuni yana haki. Asibiti yana can bayan shingen 'yan bindiga.

Daga bakin ƙofa ya ce, "Malam Habu, yaya jiki?" Yaya ya ce, "Da sauƙi." Shi ke nan fa gwajin! Wane majinyaci ne ya taɓa cewa babu sauƙi?

Na ja shi wurin Kaka, wanda bai taɓa haɗiyar ƙwayar ba. Shi ma ya ce da sauƙi. Na ce, "Likita, wannan ƙanshin jakarka kawai ya ji!" Kowa ya yi dariya, ban da Baba.

Baba ya yarda da sakaran nan. Wai tunda an warke, gobe Yaya zai sauke buhuna daga motar Kamaru. Ga shi nan kusa da ni, ko juyawa ya kasa.

Da asuba zan riga shi zuwa wurin motar.