Ina Ɗan Dakon da ke Gefen Soja?

Zuwa ga Mai girma Shugaban ofishin da ya buga wa 'yan makaranta ɗan littafin wuraren tarihin ƙasa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da ma'aikatanka. Sunana Hadiza Garba, mutuniyar Illela a ƙasar Sakkwato, dab da iyakar Nijar. Ina aji huɗu a sakandaren 'yan mata. Ban san sunanka ba, ranka ya daɗe, shi ya sa na aika wa jarida, ko Allah zai sa ka gani. Ni ko a aji ba na ɗaga hannu sai an kira ni, kuma sau uku na yage wannan takarda kafin in aika. Ƙorafina a kan hoto ɗaya ne, hoton dutsen tunawa da mamatan yaƙi da ke Idumota a Ikko.

1. Mahaifina, Garba, manomi ne a Gidan Katta. An tafi da shi yaƙin Hitila mahaifiyata tana da cikina. Ba a ba shi bindiga ba. Ɗan dako ne, cikin waɗanda suka ɗauki akwatunan harsashi da abinci da masu rauni a dazukan ƙasar Bama, can kusa da Indiya, inda mota ba ta shiga. Can zazzaɓi ya kashe shi. Ba mu san kabarinsa ba, ba mu da hotonsa. Abin da ya dawo mana daga gare shi gammonsa ne kawai, na tsumma, wanda Inna take ajiye da shi har yau a cikin kwalla.

2. Wanda ya kawo gammon amininsa ne, Baba Mamman, masunci a Kalmalo, wanda suka yi dako tare. Shi ya gaya wa Inna cewa da suka sauka a Ikko a hanyar dawowa ya ga wannan dutse da idonsa. Ya ce mutum biyu ne na tagulla a tsaye a kansa, ɗaya soja da bindigarsa, ɗaya ɗan dako, kafaɗa da kafaɗa, babu wanda aka ajiye a ƙasa. Ya ce mata, "Ki kwantar da hankalinki, ba a mance da su Garba ba." Da wannan magana Inna ta raine ni. Duk wanda ya ce mijinta ya tafi ya mutu a banza, da ita take amsa masa. Kakana malami ne mai makarantar allo, ba ya son zancen mutum-mutumi ko kaɗan, amma a kan wannan bai taɓa tsawata mata ba.

3. A bana, lokacin bikin tunawa da samun mulkin kai, aka raba mana littafinku. Nan da nan na buɗe shafin dutsen. Soja na gani shi kaɗai. A ƙarƙashinsa an rubuta cewa wannan soja yana tsaye ne a madadin duk 'yan ƙasa da suka ba da rayukansu. Ba a ambaci kowa a gefensa ba. Da aka ba mu aikin rubutu a kan dutsen, na rubuta cewa mutum biyu ne. Malama ta ja jan layi, ta rubuta in riƙa bin abin da ke littafi. Ban ga laifinta ba, ita ma ba ta taɓa zuwa Ikko ba.

4. Da na zo hutu na ɓoye littafin a ƙasan akwati, amma Inna ta riga ta ji labarinsa. Ta ce in kawo. Yanar ido ta fara rage mata gani, don haka ta fita bakin ƙofa, ta kai shafin dab da fuskarta, ta daɗe tana dubawa. Sai ta juya takardar ta duba bayanta. Ta ce, "Ina gudan?" Ta miƙo mini littafin, ta ce, "Ashe Mamman lallashina ya yi." Tun daga ranar ba ta ƙara ɗauko zancen ba. Ranar kasuwa Baba Mamman ya zo da busasshen kifi kamar yadda ya saba, ta amsa gaisuwarsa daga bayan zana, ba ta fito ba. Na nuna masa hoton a zaure. Dattijon nan ya ce, "Wallahi biyu na gani, ɗiyata. Mi za ya sa in yi ma matar aminina ƙarya? Mi ya sa anka hidda shi?" Ban taɓa ganin babba ya yi hawaye a gabana ba sai ran nan.

5. Na koma na duba hoton da kyau, ranka ya daɗe. A gefen dama, daidai inda aka yanke shi, akwai gwiwar hannun mutum. Ba ta sojan ba ce, domin hannayensa biyu suna nan a fili. Ke nan ɗan dakon yana cikin hoton, wani ne ya sa almakashi.

Wataƙila shafin ne ya yi kaɗan. Wataƙila kuma an ga ƙasa mai 'yanci bai kamata ta nuna ɗanta a matsayin mai ɗaukar kaya ba. In haka ne, ina neman afuwa in ce an yi kuskure. Waɗanda suka tsara dutsen sun san bindiga ba ta zuwa ko'ina sai an ɗauko mata harsashi a ka, shi ya sa suka tsayar da su biyu. A zamanin Turawa aka ɗora ɗan dakon a wurin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sai da muka karɓi mulkin kanmu aka cire shi daga hoton.

Ba na neman kuɗi, ba na neman lambar yabo. Roƙona shi ne, idan za a sake buga littafin, a sa hoton a cike, a rubuta ko wane ne na biyun da aikin da ya yi. A kuma sanar da makarantu, don kada a ƙara ja wa wani jan layi a kan gaskiya. Sa'an nan ina roƙo a buga cikakken hoton a wannan jarida, ko sau ɗaya, ba da jinkiri ba. Idon Inna yana raguwa kullum. In hoton ya zo bayan ta daina gani, zan iya ɗora yatsarta a kansa in ce ga shi nan, amma ba za ta yarda ba. Za ta ce ni ma lallashinta nake yi.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya taimake ka a kan amanar da ke hannunka. Allah ya ji ƙan duk waɗanda suka tafi ba su dawo ba, masu bindiga da masu gammo.

Wassalam.

Taka mai biyayya,
Hadiza Garba, Illela