Keken da Ya Ƙetare Iyaka Cikin Buhu

Zuwa ga Alhaji Sarkin Tasha, na garejin da motocin Tamanrasat ke lodi a nan Arlit.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, da iyali, da direbobinka. Ni ne Illa Bakane, mutumin Tawa, tsohon gardin ƙofar kamfani. Ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Malam Habu mai rubuta wa jama'a wasiƙa ne ya riƙe biro, ni nake faɗa, kuma na sa ya karanta mini sau biyu don kada ya tausasa mini magana.

Alhaji, fiye da shekara goma ke nan ina ɗauke da abin da ka yi mini. Za ni wurin ɗiyata ta fari da ke aure a Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya, an riga an ɗaure kekena a saman mota, ka sa aka sauke. Ka ce keke ba ya ƙetare iyaka sai da takarda. Na ce kamfani ya ba ni shi saboda aikin gadi. Ka dubi fasinjoji ka ce wa ya sani ko na wani ne. Mata suna nan. Abokan aikina biyu suna nan. Daga baya sau uku ina zuwa a nuna mini inda aka rubuta dokar, na ukun ka ce ko an nuna mini ina iya karantawa?

Ga abin da ba ka sani ba. Gwiwata ta dama ta mutu tun tsayuwar ƙofa. Bisa keke ina zuwa ko'ina, a ƙasa kuwa taku ɗari sai na nemi bango. Waccan tafiya kwana arba'in na yi a gidan surukina kamar tulu a lungu. Yana da mota, mutumin kirki ne, amma kai ma Bahaushe ne. Da wane baki zan ce wa mijin ɗiyar fari ya kai ni masallaci? Ko sunanta ba na faɗa. Shi ma kunya ta hana shi yi mini tayi sai ta bakin maƙwabci, ni kuma na ce ba komai. Juma'a biyar ta wuce ni ina zaune a tabarma.

Bana na koma, kuma ga yadda na yi.

Na ɗaya. Wani mai haƙar zinariya da ya sauko daga Cibarakatan na gani da keke mai naɗewa. Ban tambayi sunan kamfanin da ya ƙera keken ba, tunda ba karantawa zan yi ba. Buhun gero na ɗauka wanda babu komai ciki na tafi wurin masu kayan gwanjo. Wanda bai shiga buhu ba, ba na ma taya shi.

Na biyu. Mai kayan ya tura mini wani mai sheƙi, marar nauyi, mai giya bakwai, ya ce irinsa Turawa ke hawa. Na ce Turawan sun tafi, kuma ba su bar mana mai gyaransa ba. Na kai shi wurin Ahmadu mai walda, ya ƙwanƙwasa, ya ce wannan in ya karye sai dai a yi cokali da shi. Na mai da. Na ɗauki na baƙin ƙarfe, mai giya ɗaya, wanda fentinsa ya koɗe, mafi araha a rumfar. Yashi ba ya samun abin ci a jikinsa.

Na uku. Gaɓar da yake naɗewa ita ce ransa. Na buɗe na rufe ya fi sau ashirin, har mai kaya ya ce Baba, ko dai ka zo motsa jini ne? Na sa Ahmadu ya hau, shi da ya yi biyuna, bai ji ko ƙis ba. Na tabbatar tayarsa irin ta keken ƴan lakwal ce, wadda kowane mai faci ke da ita. Na ɗaga shi da hannu ɗaya, bai kai bidon ruwa, wato jarka, nauyi ba. Ƴan majalisar shayi sun yi ta dariya, wai Illa ya sayi keken jikoki. Na bar su da shayinsu.

Na huɗu, kuma a nan nake so ka gyara zama. Ranar tafiya kai da kanka ka ɗaga buhun. Ka tambaye ni mene ne ciki. Ban yi maka ƙarya ba, na ce keke ne. Ka yi dariya har hularka ta karkace, ka ce tsufa ya fara taɓa ni, ka ce a sa mini kayana ƙarƙashin kujera. Da hannunka ka ɗaga shi, Alhaji.

Na biyar. A iyaka ma'aikatan duwan, wato kwastan, suka ce a kwance buhu. Na kwance, na buɗe keken a gabansu, na ɗaga sirdi. Babbansu ya hau ya zaga mota sau biyu, gwiwoyinsa suna kusan taɓa haɓarsa, ya sauko ya tambaye ni inda ake samun irinsa. Takardar saye tana cikin hulata tun daga Arlit. Zuwa da dawowa, babu mahaluƙin da ya ce in fito da ita.

Wata ɗaya na yi. Kowace Juma'a ina sahun gaba. Na je kasuwa na sayo wa ɗiyata nama da kaina. Surukina yana fita da motarsa, ina fita da kekena, mu gaisa daga nesa kamar yadda ya kamata, babu wanda ya sunkuyar da kai.

Ba na neman ko dala a wurinka. Tsohon keken yana nan ɗakina, ban sayar ba, don shi ne shaidata. Abu biyu nake roƙo, ka zaɓi ɗaya. Ko dai ka fito da takardar da aka rubuta dokar nan, Malam Habu ya yarda zai zo ya karanta mini ita da ƙarfi. Ko kuma ka tsaya a inda ka tsaya waccan ranar, lokacin lodi, jama'a na ji, ka ce keken Illa nasa ne. Ɗaya daga cikin abokan aikina biyu ya rasu bai ji an wanke ni ba. Ɗayan yana da rai, zan zo da shi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare motocinka a hanya, ya ba ka ikon faɗar gaskiya tun muna da sauran numfashi, ni da kai. Ran Asabar bayan la'asar zan shigo tasha, bisa ƙaramin, ina jan babban. Ka amsa mini.

Wassalam.

Illa Bakane, Arlit. Yatsana ne a ƙasa.