Cajin Motar Auta

Daren Talata, Malanville

Auta ya kira daga Faransa. Sai lokacin da motarshi ke caji yake samun sukunin kirana. Da can a filin babban kanti yake sa wa taksinshi kuran, wato wutar lantarki, ko gaisuwa ba mu gama ba sai ya ce, "Inna, batir ya cika." Yanzu sun ƙara kuɗi, ya koma wani wuri mai arha inda cajin ke daɗewa. Yana ƙorafi, ni ko ina ba shi labarin albasar ƙauyen Garou, har na ji dariyarshi ta ƙuruciya.

Ya ce, "Inna, ki roƙa mini farashin ya sauko."

Na amsa, dole in cika. Na ɗaga hannu. Ya Allah, Ka sauƙaƙa mishi. Amma a hankali.